Cuku a tukunyar gida: tambayoyi da amsoshi ga masu girki a Maraɗi

Kalmar cuku ɗaya ce, amma abubuwan da ake kira da ita a Maraɗi sun kai huɗu ko biyar, kuma ba aiki ɗaya suke yi a tukunya ba. Yawancin ƙorafin da ake ji, cewa ya ƙi narkewa, ko ya yi roba, ko ya ɓata miya da mai, daga wuri biyu yake fitowa: ko madarar da aka yi shi da ita ba ta da kyau, ko an ɗora masa aikin da ba nasa ba. Ga tambayoyin da masu girki suka fi yi.

Cuku iri nawa ne ake samu a nan?

Na farko shi ne namu na gargajiya, busasshe, mai faɗi kamar takarda, wanda matan Buzaye da na Fulani ke yi a yankin makiyaya, daga Dakoro da Bermo har zuwa Abalak da Tawa. Na biyu ɗanyen cuku ne mai laushi, fari, wanda ake daskarar da shi da tumfafiya ko da tsami. A Benin da Togo ana ce masa wagashi, Yarabawa na ce masa wara. Na uku shi ne na kwali mai yanka-yanka cikin takardar azurfa, irin La Vache qui rit. Na huɗu su ne na Turai da ake samu a firigon manyan kantuna: Gouda da Edam na Holan, Emmental wanda asalinsa Suwizalan, mozzarella ta Italiya, Cheddar na Ingila. Akwai na biyar, wanda ya yi kama da na huɗu a ido amma an yi shi da man itace da sitaci. Za mu zo kansa.

Tunda ɗan kaɗan ake sa wa abinci, me ya sa ingancinsa zai dame ni?

Saboda cuku madara ce da aka matse. Madarar saniya kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ce. Idan aka fitar da ruwan, abin da ya rage shi ne mai da furotin da kalsiyam. Ana bukatar kusan lita 10 ta madara kafin a samu kilo ɗaya na cuku mai tauri irin Gouda ko Cheddar. Duk abin da ke cikin madarar nan, mai kyau da marar kyau, ya taru ke nan a wuri guda. Idan ƙwaryar tatsa ba ta wanku ba, ko saniyar na da ciwon hantsa, warin da ba a ji sosai a kofin madara zai fito fili a cikin cuku, wuta kuma ƙara fito da shi take yi.

Sai batun aljihu. Giram 40 na Emmental mai kyau ya isa ya ba faranti biyu na taliya ɗanɗano. Wanda aka cika da sitaci sai an ninka shi, duk da haka gishiri kawai za a ji. Araha ba ta ado, a nan ma haka ne.

Yaya ake yin cukun gargajiya, kuma a ina ne yake lalacewa?

Ana yin sa da madarar da aka tatso yanzu, tun tana da ɗumin jikin saniya, ko ta akuya, wani lokaci a haɗa biyun. Abin da ke daskarar da ita ana samunsa ne daga tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙin da bai fara cin ciyawa ba: a busar da tumbin, a jiƙa ɗan yanki a ruwa, a zuba kaɗan daga ruwan a cikin madara. Ba a daɗe ba za ta kama. Sai a kwashe a shimfiɗa a kan ƴar tabarmar kara, a danna da tafin hannu har ruwan ya tsiyaye, a gyara gefuna, a ɗora a sama a shanya. Layukan nan da ake gani a jikin cuku sawun karan tabarmar ne. Kowane falle yana cin lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma kwana ɗaya ko biyu yake bushewa idan iska busasshiya ce.

Wuraren ɓaci uku ne. Idan ruwan tumbin ya yi yawa, cukun zai yi ɗaci, kuma ɗacin ƙaruwa yake yi da kwanaki. Idan an yi fallen da kauri, waje zai bushe ciki na da danshi, bayan mako guda ya fara tsami daga tsakiya. Idan kuma an shanya shi ƙasa-ƙasa, ƙura da ƙuda sun samu. Akwai na huɗu da ba kuskure ba ne, dabara ce: a kwashe man madarar a yi man shanu, sannan a yi cuku da ragowar. Irin wannan yakan fito fari fat, da tauri kamar ƙirgi, ba ƙamshi.

Nonon raƙumi kuwa ba ya kamawa da wannan hanyar yadda na saniya ke yi, shi ya sa da wuya a ga cukunsa a kasuwa.

To yaya zan gane mai kyau a hannun mai sayarwa?

Ki ɗaga falle ɗaya ki duba shi ta hasken rana. Mai kyau kaurinsa ɗaya daga gefe zuwa gefe, launinsa tsakanin fari da ruwan ƙwai, yana ɗan sheƙin mai. Ki karya kusurwa: busasshe sosai yana karyewa ƙas, sabo na kwana biyu yana ɗan lanƙwasa kafin ya rabu, kuma duka biyun ba laifi. Wanda ya lanƙwashe yana danƙo a yatsa, shi ne bai bushe ba.

Ki shinshina wurin da kika karya, ba bayan fallen ba. Ƙamshin madara da man shanu ake nema. Warin tsohon mai, ko abin da ya tsaya a maƙoshi yana maƙaƙi bayan an tauna, alama ce man cikinsa ya lalace saboda daɗewa a rana ko a zafi. Ki kuma raba fallayen da aka jera, don a tsakaninsu ne fumfuna ke ɓuya, haka ma ƙananan ramuka da gari-garin da ƙwari ke bari. Idan haƙori ya ji yashi, kada ki saya da yawa.

Akwai lokacin da ya fi kyau a saya?

Daga tsakiyar damina zuwa kaka nono ya fi yawa, dabbobi sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa, cukun ya fi mai da ƙamshi. Matsalar damina danshi ne, don haka a lokacin ake yawan samun mai fumfuna. Wanda aka yi daga Oktoba zuwa Disamba ya haɗa biyun: nonon na da sauran kyau, iska kuma ta bushe. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma shanu sun rame, abin da ke kasuwa yawanci tsohon ajiya ne, sai a ƙara sa hanci.

Ban da ci da shayi, me ake yi da busasshen cuku a girki?

Babban aikinsa a fura ne. Ga kofi 3 na garin gero, a samu falle ɗaya ko biyu na cuku da dabino cike da hannu biyu, a cire ƙwallon. A fara daka cukun shi kaɗai har ya zama gari, sannan dabino, sannan a haɗa da furar da aka dafa a kirɓa su tare. Idan aka zuba su gaba ɗaya tun farko, danƙon dabino zai rufe gutsattsarin cukun, su ƙi dakuwa, a riƙa cin karo da su a ludayi. Wannan ita ce furar da matafiya a arewa ke ɗauka guzuri, ana dama ta da ruwa kawai ta ƙosar.

Idan aka ɗan gasa shi a kan garwashin da ya yi toka, kamar daƙiƙa 20 kowane gefe, yana laushi ya fito da ƙamshi. Kada harshen wuta ya taɓa shi, yana ƙonewa nan take ya yi ɗaci. Dakakken kuma ana barbaɗa babban cokali 2 a kan dambu ko kwaɗon zogale bayan an sauke, kamar yadda ake yi da ƙuli-ƙuli. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano sai an ɗanɗana.

Na sa cuku a kan piza da cikin miya, ya ƙi narkewa. Jabu aka sayar mini?

Ba lallai ba. Akwai cukun da ba ya narkewa ko an kwana ana dafa shi, kuma haka aka yi shi. Kafin cuku ya narke sai yana da isasshen ruwa da mai a jikinsa, kuma an daskarar da shi da ruwan tumbi ko makamancinsa. Namu na gargajiya ya rasa ruwan. Wanda aka yi da lemun tsami ko binega, tsamin ya fitar da kalsiyam ɗin da ke riƙe furotin ɗinsa, zafi kuma ya ƙulle shi, don haka a wuta sai dai ya ƙara tauri. Wagashi ma ba ya narkewa. Wannan ne ya sa suka dace da suya da miyar tumatir: suna shan romo su tsaya da siffarsu kamar nama.

Mai narkewa ya ja zare a kan piza shi ne mozzarella, mai ɗan tauri da ake gurzawa. Wadda ke zuwa cikin ruwa a leda ta fi daɗi ɗanya. Idan za a gasa ta, a yanka a tsane ta a kan tsumma mai tsabta na rabin sa'a, in ba haka ba ƙullin zai jiƙe. Gouda da Edam da Emmental duk suna narkewa lafiya. Ga piza mai faɗin babban faranti, giram 120 zuwa 150 ya isa. Fiye da haka ƙasan ba ya gasuwa.

Nawa kuma narkewa ya yi, amma ya tsinke: mai a sama, dunƙule kamar cingam a ƙasa.

Wuta ce ta yi yawa. Man cuku yana fara narkewa tun a ɗumin jikin mutum, furotin ɗin kuma yana saki wajen digiri 55 zuwa 65 ga yawancin masu narkewa. Idan aka kai shi tafasa, furotin ɗin sai ya takure ya matso man waje, kamar yadda ake matse tunkuza. Da zarar ya kai nan, da wuya ya koma daidai.

Hanyar kauce masa ita ce farar miya. A narkar da man shanu babban cokali 2 a wuta kaɗan, a zuba fulawa babban cokali 2, a juya minti 2 har warin ɗanyen gari ya tafi, ba tare da ya yi ja ba. A riƙa zuba madara rabin lita kaɗan-kaɗan ana burgawa, ta yi kauri har ta kama bayan cokali. Sai a sauke tukunyar daga wuta gaba ɗaya. Bayan minti ɗaya a zuba gurzajjen cuku giram 100 zuwa 150, hannu ɗaya bayan ɗaya, ana juyawa har kowanne ya ɓace kafin a ƙara. Sitacin fulawar ne ke shiga tsakani ya hana man haɗuwa wuri guda. Wannan ya isa makaroni giram 400.

A wainar ƙwai ma haka: sai ƙwan ya kusa nuna a barbaɗa cukun, a naɗe, a kashe wuta, zafin kaskon ya ƙarasa. Mai girki a gawayi ta janye kaskon gefe, tunda garwashi ba a rage shi da maɓalli.

Me zan duba a jikin takardar cukun kanti?

Jerin kayan haɗi, ba hoton da ke gaba ba. Cuku na gaske kayansa ba su wuce huɗu ko biyar ba, kuma da Faransanci za ki ga lait, sel, ferments, da présure ko coagulant: madara, gishiri, ƙwayoyin da ke nunar da shi, da abin daskarwa. Idan kika ga huile de palme, ko matière grasse végétale, ko amidon a farkon jerin, an maye man madara da man itace an cika da sitaci. Sau da yawa irin wannan ba ya ɗauke da kalmar fromage ita kaɗai, sai a rubuta préparation alimentaire ko wani suna mai kama da haka. Ba guba ba ne, masu sayar da piza da yawa a duniya suna aiki da shi don sauƙin kuɗi. Amma yana barin maiƙo a dasashi, yana sandarewa da zarar ya huce, kuma bai kamata a biya kuɗin na gaske a kansa ba.

Wanda aka riga aka gurza a leda ana barbaɗa masa sitaci don kada ya manne, ga shi yana saurin fumfuna bayan an buɗe. Dunƙule ya fi, a gurza a gida.

Sai a duba ledar kanta. Idan ta kumbura, ko mai ya taru a kusurwa ya daskare, ko cukun ya canza siffa kamar ya narke ya sake kamawa, sanyi ya yanke masa a hanya ko a kanti. Kaya ne da ke yin doguwar tafiya a mota kafin ya iso Maraɗi, kwanan watan da ke jiki kuma yana aiki ne kawai idan an riƙe shi cikin sanyi.

Cukun kwali mai hoton saniya fa, na gaske ne?

Narkakken cuku ne. Ana haɗa cuku da madara da man shanu da wasu gishirai na musamman, a dafa su tare, a zuba cikin takarda tun da zafi. La Vache qui rit ta fito a Faransa tun 1921. Dafuwar da gishiran nan su ne suka sa yake jure rashin firigo fiye da sauran, kuma ba ya tsinkewa a wuta. Don haka yana da amfaninsa: a shafa a burodi, ko a jefa yanka 2 a cikin farar miya ta ƙara santsi. Abin da ba zai yi ba shi ne jan zare, ɗanɗanonsa kuma ba shi da zurfi. Akwai kamfanoni da yawa masu irin wannan kwalin, wasunsu da man itace, sai a karanta.

Zan iya yin cuku a gida?

Ƙwarai, kuma mai laushin nan na suya bai fi aikin sa'a biyu ba. Ana bukatar madara sabuwa lita 2, ruwan lemun tsami babban cokali 5 zuwa 6 da aka tace, gishiri cokalin shayi ɗaya, rariya, da ƙyallen tatar koko wanda aka tafasa.

A tace madarar, a ɗora a tukunya mai kaurin gindi, ana juyawa don kada ta kama. Idan ta fara tasowa a kashe wuta, a bar ta minti 2. A zuba lemun tsamin cokali-cokali ana juyawa a hankali. Za a ga fararen gudaji sun rabu, ruwan ya koma tsararo mai ɗan kore-kore. Da an ga haka a daina ƙara tsami, ko da akwai saura. A rufe minti 10. A juye a ƙyallen, a ɗauraye da ruwan sha kofi ɗaya don rage tsamin, a barbaɗa gishiri, a ɗaure. A ɗora faranti a kai, a danne da tukunya mai ruwa kamar lita 2, na sa'a ɗaya. Za a samu giram 300 zuwa 400, gwargwadon kyan madarar.

Idan ruwan ya tsaya fari kamar madara, ko zafi bai kai ba ko tsami bai isa ba. A mayar wuta kaɗan a ƙara cokali ɗaya. Idan cukun ya fito yana marmashewa, tsami ya yi yawa ko ba a danne shi tun da zafi ba. Idan ya yi roba, an ci gaba da tafasa shi bayan ya tsinke. Idan kuma lita 2 ta ba da abin da bai cika tafin hannu ba, madarar ta sha ruwa kafin ta iso gidanki.

Wajen suya a yanka shi kaurin yatsa, mai ya yi zafi sosai, minti ɗaya zuwa biyu kowane gefe. A jefa a miyar tumatir minti 5 kafin a sauke.

Nonon jar akuyar Maraɗi yana yin wannan cukun da kyau, sai dai gudajinsa sun fi ƙanana da laushi, don haka a ninka ƙyallen biyu. A kuma raba bunsuru da wurin tatsa, warinsa na shiga madara.

Madarar gari za ta yi?

Za ta yi da hanyar lemun tsami, idan mai cikakken man madara ce: giram 130 a cikin ruwan da zai cika lita ɗaya, a dama, a bar ta rabin sa'a kafin a ɗora. Amma yawancin madarar buhu da ake aunawa a kasuwa an cire mata man shanu an sa man itace. Tana tsinkewa, sai dai cukun ba ƙamshi, yana kuma zubar da mai a kasko. Madarar kwali ta ruwa mai daɗewa ba firigo, zafin da aka ba ta ya sa ba ta kamawa da ruwan tumbi, da tsami ma gudajinta ƙanana ne.

An ce tumfafiya guba ce. Yaya ake cuku da ita?

Farin ruwanta yana ƙona ido da fata, kuma ba abin sha ba ne. Masu yin wagashi suna daka ɗan ganye da kara, su jiƙa a cikin madara kaɗan, su tace, su zuba a madarar da ke kan wuta, sannan a ci gaba da dafawa har cukun ya taso. Kusan lita 5 ke ba da kilo ɗaya. Jan launin da ake gani a bayansa na karan dafi ne. Idan tumfafiyar ta yi yawa, ɗaci ne ke fara nunawa. Wadda ba ta koya a hannun mai yi ba, ta tsaya ga lemun tsami, ba abin da za ta rasa.

Awara cuku ce?

A'a. Ta waken suya ce, ba madarar dabba a ciki, ko da yake aikin iri ɗaya ne: a tafasa, a zuba ruwan tsami, a tace, a danne. Tana iya tsayawa a madadin cukun suya a miya. Ba ta narkewa, ba ta kuma da ƙamshin man shanu.

Yaya ake ajiya, ga zafi ga ɗauke wuta?

Busasshen cuku iska yake so. A sa shi cikin jakar ƙyalle ko a naɗe da takarda, a rataye a inuwa inda ɓera ba ya kai. Leda ce babbar abokiyar gabarsa, tana sa shi gumi, gumin ya kawo fumfuna. Da damina a riƙa fito da shi ana shanya shi sa'a ɗaya ko biyu duk mako. Idan ya bushe sosai yana yin watanni.

Mai laushi na gida kwana 3 zuwa 4 ne a firigo, cikin roba mai murfi. Inda ba firigo, a ci shi a ranar, ko a soya, ko a tafasa shi a ruwan gishiri minti 10 kowace rana kamar yadda masu wagashi ke yi. Yana ƙara masa kwana biyu ko uku, yana kuma ƙara masa tauri.

Na Turai yana son sanyin digiri 4 ko kusa da haka. A naɗe shi da takarda tukuna, sannan a sa a roba, nesa da kifi da albasa. Idan wuta ta tafi, firigon da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar sa'a 4. Bayan nan a mayar da shi cikin kula mai ƙanƙara. Mai tauri yana jure wannan, mozzarella da ɗanyen cuku ba sa jurewa. A unguwar da wuta ba ta zama, a sayi abin da za a cinye cikin mako. Ana iya daskarar da gurzajje a firiza don girki, amma idan ya narke sau ɗaya kada a mayar.

Ya yi fumfuna. A yar ko a kankare?

Idan dunƙule ne mai tauri irin Gouda, a yanke wurin tare da santimita 2 zuwa 3 kewaye da shi da ƙarƙashinsa, kada wuƙar ta ratsa cikin fumfunar. Mai laushi, da gurzajje, da na shafawa, a zubar duka, domin saiwar fumfuna tana ratsa su inda ido ba ya gani. Fallen gargajiya bai da kaurin da za a yanke, wanda ya kamu a cire shi, a shanya sauran.

Cukun ɗanyar madara yana da haɗari?

Yana iya zama. Ɗanyar madara na iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka ta shanu, da burusela, cutar da ke sa dabbobi ɓari, a jikin mutum kuma ta zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin zazzaɓin sauro a banza. Akwai kuma listeriya, wadda ta fi tsanani ga mai juna biyu. Zafin digiri 63 na minti 30, ko 72 na daƙiƙa 15, yana kashe su. A gida tafasawa ta wadatar. Shanya a rana tana rage haɗari, amma ba ta kai dafuwa ba.

Saboda haka mai ciki, da yaro ƙarami, da tsoho mai rauni, da marar lafiya, su ci wanda aka yi da dafaffiyar madara ko wanda ya dahu a cikin abinci. Jariri kafin wata 6 nonon uwa kawai. Bayan nan ana iya murmusa masa ɗan cuku mai laushi marar gishiri a abincinsa. Busasshe yana iya shaƙe shi. Madarar dabbar da ake yi wa allurar magani kuma a bar ta sai kwanakin da likitan dabbobi ya faɗa sun cika.

Na Turai halal ne?

Abin dubawa shi ne abin daskarwar. Idan an rubuta coagulant microbien ko présure végétale, ba daga dabba ya fito ba. Idan présure animale ne, daga tumbin maraƙi yake galibi, kuma malamai sun yi saɓani a kan wanda aka ciro daga dabbar da ba a yanka ta yadda shari'a ta ce ba. Mai son fita daga shakka ya nemi mai tambarin halal ko na microbien, ya kuma tambayi malaminsa. A duba jerin kayan ma, don akwai cukun da ake haɗawa da giya ko gutsattsarin naman alade.

Mai hawan jini, da wanda madara ke ɓata wa ciki, za su iya ci?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a rana, cukun Turai da na kwali kuwa suna da gishiri sosai. Mai hawan jini ya tsaya a yanki kamar kwalin ashana, wato giram 30, ranar kuma a rage gishirin miya. Na gida ya fi masa, tunda shi zai auna gishirin da hannunsa. Wanda madara ke sa wa kumburin ciki sau da yawa yana cin cuku mai tauri lafiya, domin yawancin sukarin madarar ya bi ruwa ya fita, ragowar kuma ƙwayoyin nunarwa sun cinye. Mai laushi yana da saura, a fara da kaɗan.

Ruwan da ya tsiyaye daga cuku zubarwa ake yi?

Kada a zubar. Lita 2 ta madara tana barin fiye da lita ɗaya da rabi na wannan ruwan, da sauran furotin da sukarin madara a ciki. Ana kwaɓa ƙullin fanke ko na burodi da shi a maimakon ruwa, ana dama kunu, ana dafa shinkafa da rabi shi rabi ruwa. Idan aka bar kofi ɗaya ya kwana biyu a rufe ya yi tsami, shi zai tsinka madarar gaba ba sai an nemi lemun tsami ba, cukun kuma ya fi laushi: kofi ɗaya ga lita 2, a zuba da ɗumi. Abin da ya wuce kwana 3 a firigo a zuba wa awaki ko kaji a cikin dusa.